Fitilar Jirgin Da Bai Taɓa Zuwa Garinmu Ba

Wannan karon alƙalami ya faɗo kanmu, mu 'yan kudancin Sakkwato, kuma maganar da muka zo da ita ta ƙarfe ce.

Duk wanda aka yanke wa cibi tsakanin Boɗinga da Shagari, in dai bai yi tafiya mai nisa ba, bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Mun san rugugin tirela da tankar mai a kan titin da ya taso daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga, ya bi ta Shagari da Tambuwal ya nufi Jega. Mun san jirgin alhazai idan ya keta sama lokacin aikin Hajji. Mun san kwalekwale a madatsar ruwan Shagari. Amma dogo bai taɓa taka ƙasarmu ba, ko da taku ɗaya.

Ba wai bai nufo mu ba ne. Jirgin ƙasa ya shiga Kano a 1911 ta layin da Turawa suka taso da shi daga Baro, a bakin kogin Neja, a 1912 kuma aka buɗe zirga-zirga tsakanin Legas da Kano. Daga baya aka cire reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. A nan ya ja birki, ga shi ana neman shekara ɗari bai ƙara gaba ba. An sha zana shi a takarda yana wucewa Sakkwato har Illela, amma takarda ba ta ɗaukar buhun albasa. Har zuwa 1996 muna iya bugun ƙirji mu ce jiharmu na da jirgin ƙasa, domin Gusau da Ƙaura duk cikin Jihar Sakkwato suke a lokacin. Ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara aka yanke Zamfara, ta tafi da dogon baki ɗaya. Da yawanmu ma ba a haife mu ba tukuna.

Duk da haka jirgin ya shigo gidajenmu ta bakin tsofaffi. Da wuya ka rasa dattijo a unguwa wanda ya taɓa kai fatun jajayen awaki ko auduga ko gyaɗa Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200, a bayan babbar mota, ko wanda ubansa ya yi ta a kan jaki da raƙumi. Akwai wanda ya bi shanu cikin tarago har kudu, ya dawo da huhun goro. Akwai 'yan ci-rani da suka fara ganin duniya ta tagar jirgi. Da irin waɗannan labarai muka tashi, shi ya sa jirgin ƙasa ya zame mana kamar ɗan uwan da ake yawan ambata a gida amma bai taɓa kawo ziyara ba. Wanda ya tashi da kewar abin da bai taɓa gani ba, ran da ya ga guntunsa a kasuwa, hannunsa aljihu zai fara nufa.

Mu bakwai ne, duk 'yan ƙungiyar marubuta, da ke haɗuwa bayan kowane mako biyu, wani zama a Boɗinga wani a Shagari, muna karanta wa juna abin da muka rubuta. Uku mun gama difloma a foliteknik muna ta yawon kai takardu, akwai tela, akwai mai sayar da kati da cajin waya, akwai 'yan uwa mata biyu masu koyarwa a firamare. Muna da ɗan asusu da muke zuba abin da ya samu, da niyyar buga tarin gajerun labaranmu. Mahaifin ɗayanmu ya bar mana wani ɗaki a ƙofar gidansa a Boɗinga, muka shirya littattafai a ciki. Ɗakin ba shi da komai sai tabarma biyu da kantar katako. Da muka fara ganin hotunan gidajen Turawa a intanet, wannan ya rataya agogon tasha a falo, wancan ya kafa allon sunan jirgi a bango, sai sha'awa ta kama mu. Muka ce ai ɗakin karatu ya fi falo cancantar irin wannan ado.

Ana nan sai tela ya zo da labarin cewa wani ɗan gwangwan da ya sani a cikin garin Sakkwato ya sami kayan reluwe. Muka shirya mu huɗu muka je. A cikin tulin tsoffin injinan ban ruwa da rim ɗin motoci ya nuna mana abu huɗu. Na farko fitilar hannu ce mai aiki da kananzir, baƙa, mai murabba'in jiki, da gilashi ja da kore da ake juyawa ta sama. Na biyu ƙarafan nan ne masu faɗi da ake girkawa a gicciye a ɗora dogo a kansu, waɗanda ma'aikatan reluwe ke ce wa silifa, ba irin na sawa a ƙafa ba. Na uku rabin buhu ne na noti da kusoshi da ƙananan ƙarafan da ke ɗaure dogo a jikin silifa. Na huɗu guntun dogon ne da kansa, bai kai kamu biyu ba, amma sai da mutum biyu suka ɗaga shi. Ba abin mamaki ba ne, domin mita ɗaya ta tsohon dogo kan kai kilo 30 zuwa 40, na zamani kuwa har 60.

Mai kayan bai ɓoye mana komai game da ciniki ba. Ya ce, "Samari, ni kilo nake saye, kilo nake sayarwa. Tarihin kyauta ne." Nan take muka tsara ɗakin a kanmu. Silifa biyu a kan bulo sun zama benci, guntun dogo ya tokare littattafai, fitila ta hau kanta. Kuɗin bai fi ƙarfin asusunmu ba, sai dai zai ja buga littafin baya da 'yan watanni. Tun da dukiyar mutum bakwai ce, huɗu ba su isa su yanke hukunci ba. Muka ɗauki hotuna muka ce za mu dawo.

Kafin mu kai ga abin da ya biyo baya, yana da kyau mu ga yadda wannan sha'awa ta samo asali a inda muka kwaikwayo ta. A 1963 rahoton Dakta Richard Beeching ya ba da shawarar a rufe tashoshi 2,363 da layukan da suka kai mil 5,000 a Birtaniya, aka kuma rufe da yawansu. A 1968 hukumar jiragen ƙasar ta daina amfani da jirage masu aiki da kwal a manyan layukanta. Kaya suka yi mata yawa, agogo da fitilu da alluna da kujeru, har ta buɗe shago kusa da tashar Euston a Landan tana sayar wa masu so. A garin Barry na yankin Wales, wani mai sayen tsoffin ƙarafa, Dai Woodham, ya sayi kawunan jirgi 297 domin yankawa. Bai yi gaggawar yanka su ba, masu kishin tarihi suka riƙa tara kuɗi suna fanso su ɗaya bayan ɗaya, har aka ceci 213. Wasunsu suna jan masu yawon buɗe ido har yau.

Abin lura a nan shi ne, mai kaya ne ya sayar da kayansa, bayan ya sanar da duniya cewa ya gama da su, kuma da takarda. Mu ma muna da irin wannan a gida. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos saboda kuza an rufe shi a 1957, kawunan jirginsa suna ajiye a gidan tarihi na Jos. A Ebute Metta ta Legas an mayar da gidan Jaekel ɗan ƙaramin gidan tarihin reluwe. Waɗannan kaya ne da aikinsu ya ƙare, aka yi musu sutura yadda ya kamata. Tambayar da ba mu yi ba tukuna ita ce, kayan da muka gani a Sakkwato aikinsu ya ƙare kuwa?

Wanda ya yi mana ita kawun ɗaya daga cikinmu ne, dattijo a wani ƙauye kusa da Shagari. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru yana aikin duba dogo tsakanin Gusau da Ƙaura. Aikinsa shi ne ya fita da asuba da guduma da sifana, ya bi rabonsa na layi a ƙasa, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana sauraro. Wanda ya saki, ƙararsa daban take. Muka same shi a gindin darbejiya bayan la'asar, muka gaisa, muka miƙa masa waya. Ya daɗe yana kallon fitilar kafin ya yi magana.

Ya bayyana mana cewa irinta ma'aikacin tarago na ƙarshe ke riƙewa da dare. In ya nuna kore, direba ya tashi. In ya nuna ja, ko me ake ciki sai a tsaya. Da rana tuta ce da usur. Ya ce layin nan hanya ɗaya ce, mai zuwa da mai dawowa duk a kanta suke bi, don haka direba ba ya barin tasha sai an damƙa masa alamar izini a hannu, wadda zai miƙa a tasha ta gaba. Muddin tana hannunsa, ba wanda zai shigo wannan yanki. Mu da muka karanta darussan fasaha a aji, ba wanda ya taɓa kawo mana misalin tsari mai sauƙi da tsare rai irin wannan.

Da ya zo kan hoton silifa sai fuskarsa ta sauya. Ya sa aka faɗaɗa masa hoton, ya nuna wani wuri da ɗan yatsa.

"Ɗiyana, mi za ku yi da wanga?"

"Benci, Kawu."

"Ku dubi nan, inda dogo yac ci shi. Bai yi tsatsa ba. Wanga ƙarhe ba cikin sito anka samo shi ba, ƙarƙashin dogo anka kwance shi, kuma ba a daɗe ba."

Ya koma kan guntun dogon ya nuna mana bakinsa, inda wutar yankan ƙarfe ta bi, yana ƙyalli kamar sabuwar kwabo. Ya ce dogon da hukuma ta cire da kanta, a mahaɗa ake kwance shi, da tsawonsa da hudojinsa. Ba a yanka shi gunduwa-gunduwa sai in ana son ya shige bayan mota a lulluɓe da buhunan gawayi. Noti da maɗauran da ke cikin buhu kuwa, ya ce su ne suka fi ba shi tsoro, domin wanda ya ɗauke dogo ɗungurungum ya bar giɓin da ido zai gani, wanda ya kwance maɗauri kuwa ya bar layi yana kwance lafiya a ido, sai jirgi ya hau ya buɗe.

Tela ya ce, "Amma Kawu, ai jirgi ya daɗe bai bi layin nan ba. Ya mutu."

Dattijo ya girgiza kai. "Majinyaci na, ba mamaci na ba. Ba a raba gadon mai rai."

Wannan magana ita muka ɗauko muka kawo zamanmu na gaba a Boɗinga, kuma ba ta kashe gardama nan take ba. Mai cajin waya ya kawo hujjar da har yau ba ma raina ta. Ya ce ƙarfen nan an riga an kwance shi. Ko mun saya ko ba mu saya ba, ba zai koma ƙarƙashin dogo ba. In mun bar shi, tirela za ta kwashe shi zuwa kamfanin narka ƙarfe, ya dawo mana a matsayin rodin gini, ba wanda zai san ya taɓa ɗaukar jirgi. In mun saya, aƙalla yaran Boɗinga za su taɓa shi da hannu su san yadda dogo yake. Ya ce ai abin da mutanen Barry suka yi ke nan, fansa daga hannun ɗan gwangwan.

Ɗaya daga cikin malaman nan mata ce ta ba shi amsa. Ta ce ɗan gwangwan Barry da rasit ya saya daga hannun mai kaya, namu kuwa bai iya faɗin wanda ya kawo masa ba. Ta ce wanda ya ɗauki sifana ya shiga daji da dare ba don tarihi ya shiga ba, don ya san akwai mai saye ne. A yau kilo kaɗai ake biyansa. Ran da ya ji cewa akwai 'yan boko masu biyan fiye da kuɗin kilo saboda ado, mun ƙara wa sifanarsa kaifi. Benci ɗaya a ɗakinmu ba zai kashe layin Ƙaura ba, amma mu masu ɗora hoto ne a Facebook. Wani zai gani a Yabo ya so irinsa, wani a Tambuwal, wani a Gwadabawa. Ta ƙara da abin da kowa ya sani tun a makarantar allo, cewa sayen abin da kake da ƙwaƙƙwaran zaton na sata ne bai halatta ba, ko da an yi maka araha. Araha kuwa ba ta ado.

Wannan ja-in-ja ba da mu aka fara shi ba. Masanin tarihi Shehu Tijjani Yusuf ya yi bincike a kan garuruwan da ke bakin dogo tsakanin Kano da Zariya, ya nuna yadda tun zamanin Turawa ƙarafan reluwe ke sulalewa zuwa hannun maƙera, suna zama fartanya da garma da sauran kayan aiki, hukuma na kamawa tana hukuntawa. Har yau in ka leƙa maƙera da yawa za ka tarar guntun dogo ne uwar maƙera. Mutum zai iya fahimtar maƙerin wancan zamani, wanda aka tilasta wa 'yan uwansa aikin diga aka shimfiɗa dogon da bai nema ba. Amma tun 1955 da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, balle bayan 1960, dogon ya tashi daga na Bature ya zama namu. Wanda ya kwance shi yau, daga aljihun mai albasar da ke biyan kuɗin tirela ya sata. A 2021 'yan sanda a Jihar Nasarawa sun kama manyan motoci ɗauke da irin waɗannan ƙarafa, kuma hukumar ta sha nanata cewa abin da ke kan layi ba bola ba ne.

Akwai kuma wani dalili da ya shafe mu, mu 'yan Sakkwato, fiye da kowa. Layukan da ake ta watsi da su sukan farfaɗo. Jirgin fasinja tsakanin Legas da Kano ya daɗe a tsaye kafin ya dawo a Disambar 2012. An buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016. A 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A 2023 aka yi wa tsarin mulki gyaran da ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, abin da a da na Tarayya ne kaɗai. Gaskiya ne sabbin layukan sun fi tsohon faɗi, milimita 1,435 a maimakon 1,067, don haka ba lallai tsohon ƙarfe ya ɗauki sabon jirgi ba. Amma layin da ke kwance a wurinsa shaida ne cewa hanya ce, ba gona ba, ba fili ba. In aka kwashe ƙarfe, sai a kwashe tsakuwa, sai gini ya hau. Ƙaura ita ce ƙofar da ta fi kusa da mu. Ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya mulki ƙasar nan daga 1979 zuwa 1983, dogo bai iso ba. Ba mu san a hannun wa zai iso ba, amma bai kamata masu jiran baƙo su riƙa cire tubalin gadar da zai bi ba.

A ƙarshe muka raba kayan gida biyu, kamar yadda Kawu ya raba su: abin da ya gama aikinsa, da abin da dogo ke bukata har yanzu. Silifa da guntun dogo da buhun noti muka bar su inda muka gan su. Saura fitila. Ita ma ba mu yarda mu ɗauka a kan sha'awa kawai ba, domin tsintacciyar mage ba ta mage. Muka koma muka tambayi mai kayan daga ina ta fito. Wannan karon yana da amsa. Ya ce cikin tarkacen wani gida a Gusau yaronsa ya auno ta, tare da tsohon keken ɗinki da gadon ƙarfe, bayan rasuwar maigidan. Hanyar Gusau ba ta biyuwa yadda ake so a wannan zamani, kowa ya san dalili, don haka ta waya muka bi sawu har muka sami babbar 'yar marigayin. Ta tabbatar mana cewa ta mahaifinta ce, ya yi aikin jirgi har ya yi ritaya, kuma tun tasowarsu take rataye a ɗakinsa. Ta ce ba su san wani zai so ta ba. Muka tambaye ta ko suna son a mayar musu. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku riƙe ta, ƙannena. In yara za su gani su yi wa Baba addu'a, ta fi amfani a wurinku." Ta kwashe kusan rabin awa tana ba mu labarinsa, muna rubutawa.

Kuɗin fitilar bai taɓa asusun littafi sosai ba. Tela ya wanke ta da kananzir, ya sa mata sabon lagwani. Ba mu yi mata fenti ba, domin wurin da hannun mai ita ya goge har ƙarfe ya fito shi ne abin kallo. Benci kuwa kafinta ya yi mana na katako.

Ga duk ɗan uwan da irin wannan sha'awa ta kama, ga abin da muka tsinta. Ka fara tambayar daga wane gida ko wace hukuma abin ya fito, ka kuma nemi wanda zai tabbatar. In an ce gwanjon hukuma ne, gwanjo da takarda yake tafe, a nuna maka. Ka dubi bakin ƙarfe, sabon yanka ba ya ɓuya. Ka nisanci duk abin da ke riƙe da layi ko ke ba jirgi hannu: dogo, silifa, maɗauri, noti, wayar sigina, allon gefen hanya. Abubuwan da suka fi dacewa da ɗaki ma ba su da nauyi: tsohon tikiti, jadawalin tafiya, maɓallin rigar ma'aikaci, hula, usur, tuta, hoto, takardar ɗaukar aiki. Waɗannan a hannun iyalai suke, cikin adaka da tsoffin akwatuna, kuma sau da yawa ba saye ya kamata ba, a nemi izini a ɗauki hoto a bar wa masu abu abinsu. In kuwa abin ya fi ƙarfin ɗakinka, Gidan Tarihi na Waziri Junaidu yana nan a Sakkwato, ya fi falon kowa yawan masu gani.

Saura abin da ya shafe mu a matsayin marubuta. Mun sha karanta labaran 'yan uwa a wannan zaure inda jarumi ke bin jirgi da gudu yana miƙa wa budurwa hannu. Wannan jirgin daga fim ɗin Indiya ya taso, bai taɓa tsayawa a Funtuwa ba. Namu jirgin yana da warin goro da fata da kananzir, yana da mai tallan dafaffen ƙwai da rake ta taga, yana da fasinjan da ya kwana biyu a tasha yana jira. Magabata ba su raina shi a matsayin abin rubutu ba. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau sarauta a 1903, ya yi Waƙar Diga a kan aikin shimfiɗa dogo, kuma masu tarihi na komawa gare ta har yau domin su ji yadda mutanen lokacin suka ɗauki abin. Shi ya rubuta zuwan jirgi. Tsayawarsa, da abin da tsayawar ta yi wa garuruwa irin su Ƙaura da Gusau, da kewar garuruwan da bai kai ba irin namu, suna nan suna jiran alƙalami.

Rabin awar da muka yi da 'yar mai fitila, da yinin da muka yi a gaban Kawu, sun ba mu abin da ya fi shafi ashirin. A ciki akwai yadda ake gane sakakken ƙarfe da kunne, da yadda matan ma'aikata ke sanin jirgin da ke tafe tun daga kukansa, da yadda ake ɗaure shanu a tarago don kada su tattake juna. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a auna shi a sikelin ɗan gwangwan, kuma masu riƙe da su suna ta raguwa. Wanda ya yi aikin dogo yana saurayi a shekarun 1970, yau ya haura saba'in. Mun rubuta taƙaitaccen tarihin mai fitilar a kati, da izinin iyalinsa, mun jingina a gefenta, domin duk yaron da ya shigo ɗakin ya karanta kafin ya taɓa.

Don haka ga aikin da muke ba junanmu a wannan mako. Kowa ya nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa ɗaya a unguwarsu da ta taɓa hawa jirgin ƙasa kafin a haife mu. A je da ladabi, a gaisa, a nemi izini kafin a kunna rikoda. A tambaye su daga wace tasha suka tashi, me suka ɗauka, nawa suka biya, wa suka zauna kusa da shi, me suka ci a hanya, me suka gani ta taga da ba su taɓa gani ba. A rubuta yadda suka faɗa, da karin harshensu, kada a gyara musu baki zuwa Hausar littafi. 'Yan uwanmu na Gusau da Ƙaura da Funtuwa da Zariya da Nguru, ku da dogo ya ratsa ƙofar gidajenku, ku kuka fi mu abin faɗa, muna sauraronku.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka yi wa dogo hidima suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu zaman lafiyar da za mu bi hanyoyinmu ba fargaba. Sai mun ji daga gare ku.